Shekarar da 'Yan Katanga Suka Sauko Fili

Ƙannena da kuke tare ni a bakin get kuna cewa in koya muku aikin koci, na lura abu ɗaya kuke kallo, wato usur ɗin da ke rataye a wuyana. A ganinku aikin ke nan: a hura, a ɗaga murya, a nuna da yatsa. Wani ma ya ce mini shi ya riga ya iya, tunda babu wasan ƙwallon kwando na ƙasashen waje da yake wuce shi a waya. Ban yi masa musu ba. Na dai ce ya zo ranar Asabar ya taya ni buga iska. Bai zo ba.

Da buga iska aikin yake farawa. Ƙwallayenmu ba su da yawa, kuma kowace da halinta. Akwai mai riƙe iska har mako ya zagayo, akwai wadda kafin gari ya waye ta saki jiki. Kafin ka soka allurar famfo sai ka jiƙa ta da yawu, in ba haka ba ka yaga bakin ƙwallon, shi ke nan ta zama matashin kai. In ka gama sai ka ɗaga ta daidai goshinka ka sake ta. In ta dawo maka ƙugu, ta yi. In ta wuce haka ka rage mata, don a kan siminti irin namu ƙwallon da ta sha iska da yawa tsalle take yi kamar ɗan akuya, hannun yarinya ba ya riƙe ta. Ni yanzu da kunne nake ganewa. Lafiyayyar ƙwallo tana da murya, wata ƙara mai zurfi da take tashi daga siminti da sassafe, kafin injinan niƙa na Makera su farka su cinye ta.

Kwalejinmu ƙarama ce, ta koyon aikin lafiya, tana tsakanin Makera da Trikania. Karatu ya kawo ni, ban taɓa riƙe ƙwallon kwando ba. Wata rana na ɗebo ruwa a bokiti, sai wani dattijo mai ɗingishi ya tsaya a gabana, ya dube ni daga sama har ƙasa.

Ya ce, "'Yata, wannan tsawon da Allah ya ba ki, shanya kaɗai kike yi da shi?"

Shi ne Baba Bulus, kocin 'yan matan kwalejin. Na zaci tunda shi ya kira ni, tauraruwa zai mai da ni. A bencin masu jiran canji ya ajiye ni, a can ƙarshe inda katakon ya ɗan lotsa, kuma a nan na yi yawancin shekarun karatuna. Ni kuwa mai yawan tafiya ce a zaune. Ana tsakiyar wasa sai idona ya bi shirwa tana kewaya saman bishiyar darbejiya, in manta da kowa. Baba ba ya tsawa. Sai dai in ji muryarsa a kusa da kunnena: "Murna, me ya faru yanzun nan?" In na rasa amsa sai ya gyaɗa kai ya koma wurinsa. Kunya ce ta koya mini kallo. Da na fara kallo kuwa sai na ga abin da mai gudu a fili ba ya gani: wadda ta fara dafa gwiwa, wadda take satar kallon saurayinta, wadda hannun hagunta ado ne kawai. Da na gama karatu, Baba ya je ofis ya roƙa a bar masa ni in zama mataimakiyarsa.

Ɗaura raga shi ne aiki na farko da ya sakar mini. Ba ya sayen ta kanti, wai damina ɗaya take yi ta ruɓe. Akwai wani tsoho masunci a bakin kogi da yake saƙa mana da shuɗiyar igiya. Ni nake hawa tsani in ɗaura ta a zoben kwando, ƙulli bayan ƙulli, Baba yana ƙasa yana riƙe da tsanin yana cewa na karkata. Bayan damina mu ja layukan fili da igiya da ƙusa da fenti. Ranar wasa in tabbatar akwai ƙanƙara a kula, da bandeji, da man zafi, da allura da zare don rigar da za ta yage. Takalman yara kuwa, siminti yana cin ƙasansu kamar gara, sai in tara su a buhu in kai wa shumeka ya liƙa musu robar taya. Duk wannan kafin a hura usur ko sau ɗaya.

Kowace sana'a tana da mutanen da ake yi wa ita. Namu su ne 'yan katanga. Akwai wata gajeriyar katanga a gabas da filin, ƙarƙashin darbejiyar nan, wadda ta raba kwaleji da titi. A kanta suke zama, ƙafafu suna lilo ta cikin makaranta. Ba ɗalibai ba ne, ba kuma iyayen yara ba, mutanen unguwa ne. Tun kafin in zo suna nan. Sun san ƙananan kwalejojin garin nan kaf, ta malamai da ke ƙetaren kogi, da ta aikin gona ta hanyar Gonin Gora, da sauransu. Sun san wace yarinya ce ta warke daga targaɗe, wace ce ta yi ƙiba a hutu. Wasannin da babu gidan rediyon da ya san ana yin su, su sai su kwashe mako guda suna tattauna su kamar zaɓen gwamna.

Manyansu biyu ne. Ɗanjuma mai faci, wanda rumfarsa take jingine da katangar ta waje, da Oga Terna, mutumin Binuwai, wanda ya yi ƙuruciyarsa a masaƙar Kakuri har aka rufe ta. Sai Maman Joy mai kunu, wadda take zuwa da kularta, tana sayarwa tana raba faɗa. Musunsu guda ɗaya ne, kullum shi ne, kuma bai taɓa tsufa ba.

Ɗanjuma zai ce, "Ni fa a gaya mini, mutum nawa ake sawa a fili? Biyar. To ka samu biyar masu kyau, sauran su riƙe ruwa."

Oga Terna zai ce, "A masaƙa shifti uku muke yi. Inji ba ya barci, amma mutum yana yi."

"Shi ya sa ta mutu ai."

"Kai da kake cin abinci da safaya taya, kai ne kake zagin benci?"

"Safaya a but ɗin mota take zama, Oga. Ka taɓa ganin direban da ya cire lafiyayyar taya ya sa ta don kawai ta ji daɗi?"

Maman Joy ta ce, "Ku sha kunu, maƙogwaronku ya bushe."

Da Baba Bulus Ɗanjuma yake, kowa ya sani. Ga wanda bai san wasan ba: ana yin sa kashi huɗu ne, kowane kashi muna ce masa kwata. Ƙungiya tana zuwa da 'yan wasa goma sha biyu, biyar a fili, saura a benci, kuma wadda ta yi laifi biyar ta fita ke nan har a tashi. Yawancin kociyoyi biyar ɗin farko suke mora, sai in wata ta ji ciwo. Baba kuwa yana da wata al'ada da babu mai irinta: kwata ta biyu ta 'yan benci ce. Ko muna gaba, ko muna baya, ko wasan ƙarshe ne, da an hura ƙarshen kwata ta farko sai ya zaunar da gwanayensa ya tura na benci. Ni kaina duk wasan da na taɓa bugawa, a kwata ta biyu na buga shi.

Mun sha faɗuwa saboda haka, ba zan ɓoye ba. Sai mu tara maki da gumi, 'yan benci su shiga su zubar da su kamar an kifar da tire. Katanga ta ɗauki zafi.

"Baba Koci, gidan marayu ka buɗe ne?"

"Ka sa mai shara ma, ai ita ma tana da ƙafa."

Baba ko waiwaye. Sau ɗaya na tambaye shi dalili, muna wanke rigunan wasa a bakin famfo. Ya ce in ƙirga masa wasan da biyar ɗinmu na farko suka taɓa cika a zango guda. Na duba, da wuya. Wata an tura ta asibiti aikin koyo. Wata tana kwaya, ranar ta zo daidai da bikin godiya a cocinsu. Wata tana azumi, da la'asar ƙafafunta ba nata ba ne. Da kaka kuma rabinsu su tafi gida haƙar citta.

Ya ce, "Yaran nan ba 'yan wasan haya ba ne, 'ya'yan mutane ne. Yarinyar da ba ki sa ta a fili ranar da kike da zaɓi ba, kada ki neme ta ranar da ba ki da shi. Miƙo mini sabulu."

Muguwar shekara ta zo mana da abu biyu. Gwiwar Baba ta ƙi, ya ajiye aiki ya koma ƙauyensu, aka ce in riƙe ƙungiyar. Sannan cuta ta faɗa wa citta a ƙauyukanmu na kudancin jiha, ta ruɓe tun tana cikin ƙasa. Yawancin yaranmu citta ce take karantar da su. Aka dawo hutu, na tsaya a fili ina jiran fuskoki. Na yi ta kiran waya, iyaye suna ba ni haƙuri kamar su suka yi mini laifi. Biyar ba su dawo ba, uku a cikinsu 'yan biyar ɗin farko ne. Na rage da bakwai.

A cikin bakwai ɗin akwai Rifkatu, kyaftin ɗinmu, wadda in ta saki ƙwallo sai ka ga kamar ƙwallon ce ta san hanyar gida. Akwai Zainab, ƙaramar yarinya mai sauri wadda ba ta daɗe da farawa ba. Akwai kuma Asabe, gajera, mai faɗi, wadda take jifan kwando kamar tana korar kaji. Zainab da Asabe su ne bencina gaba ɗaya.

Shugaban kwaleji ya aiko a kira ni. Mutum ne mai sauƙin kai, ya ba ni kujera, ya tambayi lafiyar Baba. Sannan ya ce hukumar makaranta tana son gina ɗakin jarrabawa. Wuri biyu ne: bayan ɗakin gwaji, inda gangare ne sai an yi ciko, ko kuma filinmu, wanda yake a shimfiɗe da simintinsa.

Ya ce, "Murna, ina son wasan nan, amma ba zan tsaya gaban hukuma in ce a bar fili saboda yara bakwai ba. Ki kai su wasan kusa da na ƙarshe a gasar ƙananan kwalejoji, in samu abin faɗa. In ba haka ba, bayan Kirsimeti tifa za ta sauke yashi a nan."

Na ce na gode, ranka ya daɗe. In babu fili babu ƙungiya, in babu ƙungiya babu koci.

Atisaye na farko da yara bakwai ya nuna mini abin da ban taɓa lura da shi ba. Benci ba don ranar wasa kaɗai yake ba. Kafin biyar su koyi wasa, sai an samu wasu biyar sun tsaya a gabansu. Da bakwai ba a yin biyar da biyar. Na je zauren taro na aro kujerun roba, na jera su a fili a matsayin abokan gaba. Yara suka yi ta zagaye kujeru suna cin kwando, suna murna. Kujera ba ta ɗaga hannu, ba ta bin ka. Iska ma ta zo ta kwantar da biyu.

Katanga tana kallo. Ɗanjuma ya ce, "Koci, mai tsaron bayanku ta faɗi, a kawo man zafi."

Aka yi dariya. Ya ƙara da cewa, "Wai tsayawa gaban yarinya minti goma, shi ne aiki? Ni da nake ɗaga tayar tirela."

Maman Joy ta rufe kularta ta ce, "To sauko mana, Ɗanjuma. Ko kujerar ta fi ka?"

Sai Ɗanjuma ya zame daga katanga ya faɗo ta cikin makaranta, da silifas ɗinsa da wandon aiki mai baƙin mai. Oga Terna ya naɗe ƙafar wando ya biyo shi. Maman Joy ta ɗaure zani ta ce a kula mata da kunu. Wani tela da wani mai keke suka cika biyar. Na kafa musu doka: maza ba sa taɓa yarinya, hannu sama, ƙafa ce za ta yi aiki. Mai turereniya a ƙarƙashin kwando Maman Joy ce kaɗai.

Na ba Ɗanjuma Rifkatu. Ta je dama, ya bi. Ta dawo hagu, ya bi. Ta sake komawa, silifas ɗinsa ɗaya ya tafi nasa wuri. Ba a je ko'ina ba na ga bakinsa ya buɗe, kafaɗunsa suna hawa suna sauka. Ya dafa gwiwa, ya ɗago hannu ɗaya.

"Koci. Canji."

Oga Terna, wanda shi ma numfashinsa da ƙyar yake fita, ya ce, "Babu canji. Biyar masu kyau, sauran su riƙe ruwa."

"Oga, abeg, ba lokacin wasa ba ne."

"Lafiyayyar taya ba ta fita."

Rannan yara sun yi dariya har suka zauna a ƙasa. Na zaci shi ke nan, an yi nishaɗi an gama. Washegari da yamma na tarar da su sun fi na jiya yawa, wasu da tsofaffin kambas. Oga Terna ya raba su shifti kamar a masaƙa: waɗannan su shiga, in sun gaji waɗancan su karɓe su. Ɗanjuma yana rufe rumfa da wuri, in mota ta zo ya ce a jira. Ba su iya wasa ba, kuma ba su taɓa iyawa ba. Amma suna da jiki, suna motsi, suna ɗaga hannu, kuma sun san duk dabarar 'yan kwalejin malamai don sun shekara suna kallon su. Tela ya ce shi zai zama mai lamba bakwai ɗinsu, har ɗan tsallen da take yi kafin ta yi jifa yana kwaikwaya. Ban taɓa ganin mutane sun ba da abin da ba su da shi da yawa haka ba, wato numfashi.

Aikin da na fi daɗewa a kansa a watannin nan shi ne bayan Asabe. Na haƙura da koya mata jifa. Abu ɗaya na ce ta iya: da an saki ƙwallo, ta nemi doguwar abokan gaba, ta juya mata baya, ta ƙanƙame ƙasa, kada ta bari ta matso kusa da kwando. Maman Joy ce doguwar. Kullum sai ta yi ta turin Asabe da ƙugu tana cewa, "Ke, tsaya kamar turmi. Turmi yana ba taɓarya hanya?" Asabe ta yi ta faɗuwa tana tashi, har ranar da Maman Joy ta tura, ta sake turawa, ta ce, "Kai, yarinyar nan ta yi saiwa."

Al'adar Baba kuwa ban yar da ita ba, sai dai ta rame. Tunda babu biyar a benci, kwata ta biyu sai Zainab da Asabe su shiga, Rifkatu da wata su huta. Muka ci wasu wasanni, aka ci mu wasu. Lissafi ya zo ya tsaya a kan wasa ɗaya: mu da kwalejin malamai, a filinmu. Wanda ya ci ya wuce wasan kusa da na ƙarshe.

Sun zo a bas, su goma sha biyu cif, takalmansu iri ɗaya. Shugaban kwaleji ya sa aka kawo masa kujera gefen fili. Katanga ta cika har wasu suna kan reshe. Rifkatu ta fara wasan kamar wadda aka yi wa albishir, duk abin da ta jefa sai ya shiga. Kwata ta farko ta ƙare muna gaba da maki takwas, ita kuma tana da laifi biyu.

Yara suka zo benci suna shan ruwa. Asabe ta riga ta miƙe tana gyara rigarta, don ta san lokacinta ne. Na dubi allon maki, na dubi kujerar shugaba, na dubi layukan da na ja da hannuna. Na ce, "Mu ci gaba yadda muke." Asabe ta koma ta zauna, ta sa hannuwa tsakanin gwiwoyi.

Aka koma wasa da biyar ɗin farko. Abin da katanga ta shekara tana roƙo ke nan, amma ban ji tafi ba. Can sai na ji mutum a bayana, yana warin roba da man inji.

Ɗanjuma ya ce, "Koci, kwata ta biyu ce fa."

"Na sani."

"Dubi Rifkatu. Dubi kafaɗunta. Na san inda take yanzu, na je wurin. Daga nan ƙafa ce za ta ƙi, sai ta fara miƙa hannu, sai alƙali ya hura."

Daga kan katanga Oga Terna ya ce, ba da ƙarfi ba, "Shifti ya yi, Koci."

Na dubi Rifkatu. Bakinta a buɗe yake. Na je teburin masu rubuta maki na nemi canji, Asabe da Zainab su shiga.

Ta fito tana cewa, "Anti, ban gaji ba."

Na ce, "Zauna ki sha ruwa."

Ba zan ce muku Asabe ta shiga ta yi abin mamaki ba. Ko maki ɗaya ba ta ci ba. Zainab ta zubar da ƙwallo sau biyu, maki takwas ɗin nan suka narke muna kallo, aka tafi hutun rabin lokaci suna gaba da mu. Amma babu wanda ya ambaci gidan marayu. Abin da nake ji kawai shi ne muryar Maman Joy: "Baya, Asabe. Ba ta baya." Doguwarsu kuwa duk inda ta juya sai ta tarar da bayan Asabe kamar ƙofar da aka kulle. Ta gaji ta fara turi da hannu, alƙali ya hura mata, ya sake hura mata. Laifuffukan da Rifkatu za ta ɗauka wajen tare ta, Asabe ce ta kwashe su, har huɗu.

Wani abu kuma da sai daga benci ake ganin sa: kocinsu ya zo da goma sha biyu, amma biyar yake wasa da su. Sauran bakwai suna zaune da takalmansu masu kyau, ko ƙura ba su taɓa ba. A kwata ta huɗu jifansu ya fara gajarta. Gajiyayyen hannu ba ya kai ƙwallo ciki, a bakin zobe na gaba take dukawa ta dawo. Na ji ƙarar nan, ƙwal, ƙwal, sau da yawa. Doguwarsu ta cika laifi biyar ta fita, kocinsu ya waiwaya benci ya tura wata yarinya da ko inda za ta tsaya ba ta sani ba, tausayinta ma ya kama ni. Rifkatu kuwa ƙafafunta suna nan. Ba wani jifan ƙarshe aka yi ba na ban mamaki. A hankali muka kamo su, a hankali muka wuce, aka tashi muna gaba da maki biyar.

A wasan kusa da na ƙarshe 'yan aikin gona suka yi mana dukan da har yau ba na son tuna makin. Shugaba bai sake tayar da zancen fili ba, ni ma ban tambaya ba. Can baya dai ya ce a kai su, an kuma kai su, amma hukuma hukuma ce.

Bayan Kirsimeti, wata yamma muna tsakiyar atisaye, yara bakwai da tsofaffinsu, sai ga tifa ta shigo get cike da yashi. Ta taho a hankali ta tsaya daidai bakin filin, inji yana ruri. Ƙwallon da ke hannun Zainab ta suɓuce ta gangara, babu wanda ya bi ta. Direban ya leƙo ta taga, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Sannunku. Don Allah ina ne bayan ɗakin gwaji?"

Maman Joy ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Oga Terna ya fara nuna hanya da hannu biyu, kowanne yana nuna wani wuri daban. Ɗanjuma ne ya je gaban motar, yana tafiya da baya yana kiran ta da yatsu kamar yadda yake yi wa masu shiga rumfarsa.

"Taho. Taho. Karya dama. Malam, a hankali, ka ga farin layin nan? Kada tayarka ta taɓa shi."